Cigiyar Hoton Bangon Gidanmu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kai da ma'aikatanka kuna lafiya, ina roƙon fili a jaridarka, kuma tun da wuri ina neman afuwa, don na san wasiƙar ta wuce tsawon da kuka saba ba mu. In ta yi yawa ka datse, amma don girman Allah kada almakashinka ya taɓa ƙarshenta, saboda shi na zauna rubutun. Cigiya nake yi. Hoto ɗaya ne ya ɓace mini, sai dai ba za a gane darajarsa ba sai na ɗan bi da ku ta baya.

Ɗiyata ce ta tono maganar. Ranar Lahadi da daddare ta ɗago kai daga waya ta ce, "Baba, wai lokacinku da babu TikTok me kuke yi a intanet?" Na ce mata shafi muke ginawa, kowa da nasa, ya yi masa fenti da ado yadda ransa yake so. Ta yi shiru kaɗan, sannan ta ce, "Au, kamar sitatus ke nan?" Uwarta ta yi dariya. Ni ban yi ba. Na kwana ina juya abin a raina.

Ni haifaffen cikin ganuwa ne, ta wajen Ƙofar Kuyambana. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, magini ne, na ƙasa ba na bulo ba. Yana ɗora tubali, yana jera azara, yana ɗaurin guga, amma abin da aka fi saninsa da shi zanen fuskar gida ne. In mutum ya samu buɗi, ko ya dawo daga Makka, ko zai yi wa ɗansa aure, sai ya aiko a kira Baba. Ba ya taɓa ƙasa sai ya zauna da mai gidan a zaure sun sha hira, wani lokaci har kwana biyu, uwarmu tana mita wai ya je cin goron mutane ne kawai. Shi kuwa so yake ya ji wane irin mutum ne. Daga nan sai ya kwaɓa ƙasa mai laushi, ya yaɓa, ya bi ta da yatsa da 'yar wuƙa tun tana ɗanya, yana fitar da dagi da sarƙa da takobi. Mai alfahari da kekensa a zana masa keke a saman ƙofa. Alhajin da ya hau jirgi a sa masa jirgi. Akwai wani mai gyaran agogo da Baba ya yi wa agogo a bango, hannayensa tsaye a kan ƙarfe huɗu, wai lokacin da aka haifa masa ɗan fari ke nan. In ta bushe a shafe da makuba, mai hali ya ƙara da fenti. Baƙo a unguwarmu ba ya neman lambar gida. Ce masa za a yi, "Ka wuce gida mai keke, na biyu bayan mai jirgi." Baba yakan ce duk maginin Zazzau jikan Babban Gwani ne, wanda ya gina Masallacin Juma'a zamanin Sarki Abdulkarimu, ko da jini bai haɗa su ba.

Ana cewa kyan ɗa ya gaji ubansa. To ni boko aka sa ni, hannuna bai taɓa kwaɓa ƙasa ba. A 2005, ina tsakiyar karatun difloma, na samu aikin tsaron wani kafen intanet a Samaru, daura da Jami'ar Ahmadu Bello. Kwamfuta goma sha shida ne, masu ƙaton ƙeya, duk da Windows XP, da faifan tauraron ɗan adam a kan rufi, da janareta a baya yana ta gurnani. Awa ɗaya naira 100. Na dare kuwa, daga ƙarfe goma zuwa asuba, naira 250, mu kulle ƙofa da kowa a ciki. Da rana masu buƙata ake gani: mai duba imel, mai neman kayan furojet, mai kankare kati ya duba sakamakon jarrabawa yana salati, mai cike cacar bizar Amurka. Da dare ne ake zaman duniya. Lokacin layin ya fi gudu, ba mai tsaya maka a ka yana jiran ka tashi. Sai ka ji ɗakin tsit, ban da ƙarar madannai da ta fanka, can sai wani ya danna wa abokinsa Buzz a Yahoo Messenger, allon ya girgiza, a yi dariya.

Yawancinmu dandalin zumunta na hi5 muka riƙe. 'Yan gayu masu son waƙoƙin Amurka su ne 'yan MySpace, kodayake daga baya kowa ya buɗe duka biyun don kada a bar shi a baya. Duk wanda ya yi MySpace ya san Tom, Baturen nan mai farar riga da ke waiwaye yana murmushi, wanda da ka yi rajista shi ne abokinka na farko. Wani ɗalibi ya taɓa kirana da gaske, ransa a ɓace, wai in zo in ga wani Bature ya shigar masa shafi ba sallama. Tom Anderson ne, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa dandalin a 2003. Abin da ya bambanta MySpace da sauran, an ce ma ba da niyya aka yi shi ba: masu ginin sun bar ƙofa a buɗe, ta yadda in ka zuba umarnin HTML, wato yaren da ake gina shafin intanet da shi, a gurbin da aka tanada don ka ba da labarin kanka, shafin zai karɓa ya yi aiki da shi. Yara suka gano, suka fara sauya launi da fasali. Kamfanin ya ga abin na jawo jama'a, ya ƙyale.

Wanda ya buɗe mini ido wani ɗalibin injiniyanci ne, Bayarabe ɗan Ilori, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano, muna ce masa Injiniya. Wani dare ya ga ina kallon shafin wata yarinya 'yar Barazil, baƙi wuluk da taurari suna zubowa, ina ta mamaki. Ya jawo kujera, ya danna maɓallin dama na linzami, ya zaɓi wurin da ke nuna tushen shafi. Sai ga rubutu ya cika allo kamar tururuwa. Ya ce, "Mallam, duk kwalliyar da kake gani, ga hanjinta nan. Ba tsafi ba ne." Ya nuna mini cewa kowane launi lamba shida ce. Sifili shida baƙi. F shida fari. 008000 kore. Ya ce in goge wannan in sa waccan. Na goge, na sa, na sabunta shafin, sai ga bango ya koma kore shar. Malam Edita, na ci jarrabawa a rayuwata, na yi aure, an yi mini haihuwa, kuma ba zan haɗa su da wannan ba, amma wallahi daren nan yana cikin waɗanda ban manta ba. Da safe na sayi ɗan littafi mai fallaye arba'in na fara tara lambobi da umarni, kamar mai tara laƙani. Har yanzu yana cikin akwatina, gara ta ci gefensa.

Bari in kwatanta maka shafin nawa, ka yi dariyarka. A can sama akwai rubutu mai tafiya daga dama zuwa hagu, da umarnin da ake kira marquee, yana cewa: "Barka da zuwa zauren Dan Magini." Ka lura, Dan na rubuta ba Ɗan ba. Haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, ba sa fita a lokacin, in ka dage ka sa su sai su koma akwati ko alamar tambaya a allon wani. Wasu suna sa waƙafi a bayan harafin, wasu su mai da shi babban baƙi a tsakiyar kalma, yawancinmu muka bar mai karatu ya gane da kansa ko ƙasa muke nufi ko kasa. A ƙarƙashin wannan akwai tauraro da jinjirin wata suna juyawa. Rubutun ruwan zinare ne. Da ka buɗe, in Allah ya sa layi na da kyau, bayan minti uku sai kiɗan gurmi ya fashe ba gargaɗi, kowa a kafe ya waiwayo. A can ƙasa na liƙa ma'aunin baƙi, mai ƙirga duk wanda ya leƙo. Ya kai 4,000 da wani abu, kuma tunda yau ranar faɗin gaskiya ce, fiye da rabi ni ne, ina sabuntawa ina kallon lambar tana hawa.

Bangon shafin kuwa, wanda komai ke zaune a kansa, hoton fuskar gidanmu ne. Aikin Baba na ƙarshe ke nan kafin gwiwa ta hana shi hawa tsani, kuma shi kaɗai ne wanda ya yi wa kansa. Na ari kyamarar dijital a hannun wata ɗaliba na kwana ɗaya, na ɗauka da hantsi, na juye a fulofi, irin mai cin megabait ɗaya da ɗigo 44, na ɗora a wani wurin ajiyar hotuna na kyauta, na jawo adireshinsa zuwa shafina. Haka kowa yake yi.

Wata Juma'a bayan an sauko na lallaɓi Baba, na goya shi a babur daga cikin gari, muka bi ta Tudun Wada da Kwangila har Samaru, don ya ga bangonsa a intanet. Ya zauna yana riƙe da sandarsa, muka jira hoton yana saukowa layi-layi daga sama: zanko, sannan indararo, sannan zanen. Ya daɗe yana kallo. Ina jiran yabo. Sai ya miƙa yatsa har ya taɓa gilashin ya ce, "Rubutunka ya danne dagin. Ba a ɗora ado a kan ado. Ka bar masa wurin shan iska." Na ce to. Ya ƙara kallo, sannan ya ce, "Filin na wane ne?" Na ce wane fili? Ya ce, "Inda ka yi ginin." Na ce ai kyauta ne, Turawa ne suka bayar, kowa ya zo ya ɗiba. Ya ce, "Kyauta." Ya maimaita kalmar kamar yana tauna tsakuwa. "To mai filin yana nan. Zai zo." Na yi dariya a raina, na ce tsoho bai san zamani ba.

Abin da nake so ɗiyata ta gane, wanda na kasa faɗa mata a daren nan, shi ne a lokacin zuwa ake yi. In kana son sanin halin da abokinka yake ciki, sai ka tashi ka je shafinsa, ka jira ya buɗe, ka ga ya sauya launi, ya sauya waƙa, ka san akwai magana. Wanda budurwa ta yaudara ba sai ya faɗa ba, bangonsa zai koma baƙi. Sai ka bar masa saƙo a ƙasa, irin "na zo ban same ka ba," ko ka liƙa masa kati mai ƙyalƙyali na barka da Juma'a. Shi ma dole ya rama ziyara, in ba haka ba a yi ƙorafi. Zumunci a ƙafa yake, ko da ƙafar linzamin kwamfuta ce. Kuma kamar gidajen unguwarmu, kana ganin shafi ka san mai shi tun kafin ka karanta suna. Na ustazai fari fat da aya a sama. Na 'yan ƙwallo ja ko shuɗi, gwargwadon ƙungiyar Ingilar da ke hana su barci. 'Yan matan da ke zuwa, da rana suke zuwa, bibbiyu, kuma ba kasafai suke sa hotonsu ba, sai fure ko jariri ko idon wata Ba'indiya, amma tsarin da suke yi wa shafi ya fi namu nesa ba kusa ba. Jere ne sosai, irin na ɗakin amarya, komai da mazauninsa. Kafin wani ya yi zargi, uwar 'ya'yana ba a can na samo ta ba, 'yar ƙanwar Babana ce.

Akwai kuma fitinar da MySpace ya kawo ta manyan abokai takwas, waɗanda kake jerawa a gaban shafi kowa yana gani, na ɗaya zuwa na takwas. Ban san abin da Amurkawa suka gani a ciki ba, amma a ƙasar da ake lissafin wa aka fara gayarwa a wurin ɗaurin aure, wannan ai kunna wuta ne. Ɗan baffana ya yi wata biyu ba ya amsa sallamata saboda na sa Injiniya a sama da shi.

Ba zan yi maka ƙarya in ce komai na lokacin zuma ne ba. Shafukan nan, in za a faɗi gaskiya, yawancinsu munana ne, nawa yana sahun gaba. Rubutu ja a kan bango kore, sai ka shafa shi da linzami kafin ka iya karantawa. Wani shafin in ka buɗe kwamfutar ta sandare, kuɗin awarka ya tafi a banza. 'Yan damfara suna nan, har takarda muka manna a bango muna gargaɗinsu. Asuba nawa ta kuɓuce mana, Allah ya yafe. Sannan duk wannan daɗin na mai naira 100 ne da ɗan Turanci. Mahaifiyata ba ta taɓa taka kafe ba, ba ta karanta boko, amma yau da kanta take danna WhatsApp ta aika wa ƙanwata da ke aure a Jos saƙon murya, ta ji kukan jikanta. Intanet ɗin da nake kewa bai taɓa yi mata wannan ba, kuma ba zan ce a karɓe mata don in samu tauraro mai juyawa ba.

Ƙannenmu da ba su riski kafe sosai ba, nasu ya zo musu a waya, wajen 2010 zuwa 2013, zamanin 2go, manhajar nan ta Afirka ta Kudu da ta fi karɓuwa a Nijeriya fiye da gidansu. Ƙaramar Nokia da kati na naira 100 sun ishe ka. Can ma akwai abin taƙama: tauraro ne da ke sauya matsayi gwargwadon daɗewarka a kai, daga Novice har Master, yara suna barin waya a caji dare farai don ya hau. Wasu kuma a kan wayar suke gina ɗan shafinsu ta Opera Mini, a wurare irin su Wapka da XtGem. Autanmu ya gina guda, harafi bayan harafi, yana danna lamba bakwai sau huɗu kafin ya samu s ɗaya. Yau da wannan ilimin yake cin abinci a Abuja. Na san irinsa da yawa. Ba wanda ya koya musu a aji, son a ce shafinsu ya fi na wane ne ya koya musu.

Sai Facebook. An buɗe shi ga kowa da kowa a Satumbar 2006, amma bai kama mu a nan ba sai wajen 2008 da 2009. Kuma kada wani ya ce kore mu aka yi daga tsofaffin shafukan. Da ƙafarmu muka tafi, muna murna. Yana buɗewa da sauri, tsaf-tsaf, fari da shuɗi, ba kiɗan da zai firgita ka, kowa da sunansa na gaskiya, ga 'yan ajinku na firamare duk sun hallara. Daidai yake da yadda mutanenmu suka riƙa barin gidan ƙasa suna komawa kwatas: ba yaɓe duk shekara, ba ɗigar ruwa, ga famfo. Sai da muka zauna muka lura cewa gida ɗari, fenti ɗaya, taga ɗaya, kuma ba a yarda ka buga ko ƙusa ba. Shuɗin ma ba don mu aka zaɓe shi ba, Mark Zuckerberg da bakinsa ya ce idonsa ba ya rarrabe ja da kore, shuɗi ya fi gani. Abin da aka bar maka ka sauya hotonka ne, daga baya aka ƙara da wani a sama. Ziyara kuma ta mutu, don ba ka da dalilin zuwa gidan kowa. Kana zaune ake zubo maka, kuma ba kai ke zaɓar abin da za a zubo ba, wani lissafi ne da ke auna abin da ya fi tsayar da babban yatsanka. Shi ya sa za ka ga faɗan mutanen da ba ka sani ba sau goma, rasuwar maƙwabcinka kuwa sai bayan sadakar uku.

Mai filin kuma ya zo, kamar yadda tsoho ya faɗa. Kamfanin Rupert Murdoch ya sayi MySpace a 2005 a kan dala miliyan 580, ya sayar a 2011 a kan abin da bai wuce miliyan 35 ba. A 2019 suka fito suka ce wajen sauya rumbun ajiya sun yi asarar waƙoƙin da mutane suka ɗora cikin shekara goma sha biyu, kimanin miliyan 50. GeoCities, wanda ya girme su duka, inda shafuka suke da unguwanni kamar gari, Yahoo ta rufe shi a 2009. Yahoo Messenger ya bi a 2018. Majalisun Yahoo, inda marubutan Hausa da masu nazarin finafinanmu suka yi shekaru suna muhawara tun farkon shekarun 2000, an kulle su a 2020. Ba haushin kowa nake ji ba. Ɗan kasuwa ne ya ga rumfa ba ta kawo riba ya kwashe. Kayan aro dai ba ya rufe katara.

Yanzu ina koyar da kwamfuta a wata sakandare a Tudun Wada. Yarana sun fi ni iya waya sau goma, su yanka bidiyo, su sa masa murya, su sauya fuska. Amma a aji na mutum arba'in da biyu, da na tambaya wa ya taɓa ganin hanjin shafi, ba hannu ko ɗaya. A zangon da ya wuce na ajiye manhajar karatu gefe na mako biyu, Allah ya sa shugaban makaranta ba ya karanta jaridarka. Na sa suka buɗe Notepad, ɗan wurin rubutun nan da kowace kwamfuta mai Windows take da shi, ko intanet ba a buƙata. Na rubuta musu layi shida a allo, na ba su lambobin launi daga littafina mai cin gara. Na ce kowa ya gina zaurensa. Minti goma ba a yi ba ajin ya kaure. Wata yarinya da ban taɓa jin muryarta ba ta mai da nata ruwan hoda, ta rubuta yadda kakarta take dama kunun gyaɗa, daki-daki. Wani ya jera sunayen tantabarunsa goma sha ɗaya da halin kowace. Aka kaɗa ƙararrawa ba wanda ya motsa. Da za su fita wani ya ce, "Malam, to ina zan sa shi mutane su gani?" Na buɗe baki na rufe. Wurare suna nan, akwai Neocities, akwai SpaceHey da wani matashi Bajamushe ya buɗe a 2020 yana kwaikwayon tsohon MySpace, mai hali kuma yana iya yankar adireshinsa na kansa mai ƙarewa da .ng ya riƙa biyan kuɗin shekara. Amma wa zai je? Abokansa duk suna kwatas.

To ga inda zancen ya nufa. Baba ya rasu a 2010. Gidan ƙasa kuwa yana son yaɓe duk shekara kafin ruwa ya sauka, mu kuma 'yan boko kowa yana ce wa ɗan'uwansa baɗi. Daminar 2012 ta zo da ƙarfi, fuskar gidan ta tsage daga zanko har ƙasa, wani dare rabinta ya zube. Yayanmu ya tara mu, aka yi karo-karo, aka tayar da ita da bulo da siminti, aka manna tayil ruwan ƙasa irin na kowa. Ban ga laifinsa ba, da kuɗina a ciki. A raina na ce ai ina da hoto. Sai da na tashi nema na tarar fulofin ya daɗe da mutuwa, wurin ajiyar hotunan ya rufe, shafin kuma na manta kalmar sirrinsa, imel ɗin da zan karɓo ta da shi na yi shekaru ban buɗe ba har ya tafi. Wani ya nuna mini Wayback Machine, rumbun nan da ke adana tsofaffin shafuka. Na yi dare uku ina lalube. Na samu wani ɓurɓushi: ga "Barka da zuwa zauren Dan Magini" yana nan, ga rubutun ruwan zinare, amma bayansa fari fat. Na so in ɗora wa Turawa laifi, sai na tuna bango biyu aka bar mini, na ƙasa da na allo, ban yaɓe ko ɗaya ba.

Saura hanya ɗaya. A shekarun nan, 2005 zuwa 2008, hoton ne na sa a fuskar duk kwamfutoci goma sha shida na kafen, har mai wurin ya gaji ya daina magana. Mutane da yawa sun tambaye ni ina ne, wasu sun kwafa. Na tuna musamman wasu ɗalibai biyu na sashen zanen gine-gine, mace da namiji, da suka juye shi a filasha suka ce za su sa a furojet ɗinsu. Ban riƙe sunansu ba. Kafen mai koren ƙofa ne, a saman bene, ƙasansa mai fotokwafi, mai tsaronsa wani siriri mai littafi a aljihu.

Ga kamannin hoton. Ƙofar zaure ce ta ƙarfe, shuɗiya, a buɗe rabi. Dagi biyu, dama da hagu, na hagun ya ɗan fi girma. A saman ƙofa, inda ake sa wa mutane keke ko jirgi, tsani ne mai hawa bakwai da kwandon ƙasa a gindinsa. Zanko uku. A gefen dama can ƙasa akwai rabin mutum zaune a kan dakali, farar hula, buta a kusa da ƙafarsa, yana kallon wani wuri, bai san ana ɗauka ba.

Duk wanda yake da shi a tsohuwar kwamfuta, ko faifan CD, ko cikin wani furojet da ke kan kanta yana shan ƙura, ko da ya dushe, ko da baƙi da fari ne na fotokwafi, don Allah ya aiko ta ofishin Edita. Zan zo in karɓa da kaina.

Wassalam.

Naka,
Ɗan Magini,
Tudun Wada, Zariya.